Maroƙi ya rufe baki, kirari bai ƙare ba: cututtukan haɗa bidiyo da maganinsu

Ka ɗauko biki a Galma tun daga sa lalle har kai amarya, ka zauna yin montaj. Minti na farko lafiya lau. Kafin a kai minti na ashirin, maroƙi ya rufe baki amma kirarinsa na ci gaba, hannun makaɗi ya sauka kan kalangu, sautin sai daga baya. Ga dangin ango na ta kira. A nan ne yawancin samari ke tsine wa manhajar haɗa bidiyon, su goge ta, su ƙona kuɗin intanet wajen sauko da wata. Ita kuwa sau da yawa ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Bidiyo hotuna ne a jere, 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Kyamarar aiki tana riƙe adadin daram, amma salula tana ƙarawa tana ragewa yadda ta ga dama, musamman idan haske ya yi ƙasa. Manhajojin kwamfuta irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve sun fi son adadi tsayayye, shi ya sa murya da hoto ke rabuwa sannu a hankali. Maganin yana zuwa ne kafin a fara yanka: a bi da bidiyon ta HandBrake, wadda kyauta ce, a zaɓi 25 ko 30, a ce mata ta tsayar da shi. CapCut da KineMaster ba su cika wannan rigimar ba, don salula aka gina su.

Akwai kuma hoton da ke ƙyaftawa, ko baƙaƙen layuka na hawa, idan an ɗauka cikin ɗaki ko ƙarƙashin fitilun dare. Kuran ɗin kamfanin lantarki na Nigelec yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ita kuwa salula ta saba da 30, lissafin da aka gada daga Amurka inda lantarki ke juyawa sau 60. Kyamarar da ta yarda, a mayar da ita 25. Idan an riga an ɗauka, gyaran da wuya. Gara a gwada minti ɗaya a duba kafin amarya ta fito.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 daga Madawa har Buza da Keita, salula na rage gudun kanta don kada ta ƙone. Abin da kake gani shi ne hoto na tsinkewa, ko fitar da bidiyo ya maƙale a hanya. Cire mata riga, kada ka haɗa caji da fitarwa, ka bar babban aiki sai dare ko bayan asuba. Kada dai a ɗora ta kan ƙanƙara, raɓa za ta shige ta. Ni a ganina ma ɗaukar biki da 4K ɗora wa jaki kayan raƙumi ne: nauyinsa ya ninka na 1080 sau huɗu a yawan ɗigon hoto, alhali mai kallo a ƙaramar waya zai gani. Wanda ya riga ya ɗauka, ya sa manhajar ta yi masa kwafi mara nauyi da ake kira firoksi, ya yi yanka da shi, ta koma kan na asali wajen fitarwa. In kuma murya na fita amma allo baƙi ƙirin, mai yiwuwa bidiyon H.265 ne, tsohuwar kwamfuta ba ta iya karanta shi. A juya shi zuwa H.264.

Jan allon nan na Premiere mai tayar da hankali, cewa yake yi bai ga fayil ba. Aikin da ka ajiye kamar takardar awon tela ne, yadin yana wani wuri. Ka sauya wa bidiyo suna, ko ka zare memori, ko manhajar share waya ta kwashe shi, takarda ta rasa yadi. Kowane biki da jakarsa guda, kuma kada a taɓa komai a ciki sai an miƙa aiki. Shi kansa memorin abin tuhuma ne. Na taɓa sayen wani a kasuwa, an rubuta giga 64 a jikinsa, ashe cikinsa bai kai 8 ba: sunayen fayil duk suna nan, amma rabin walimar ba ya buɗewa. Cika sabon memori taf da bidiyo ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya kafin ka amince masa. Memorin da kuma ya ƙi karɓar fayil da ya wuce giga 4, lafiyarsa ƙalau, tsarin FAT32 ne a kansa. A kwashe kaya, a mayar da shi exFAT.

Wanda ya yi wannan sana'a a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, ba sai an ba shi labarin ajiye aiki ba. Kunna ajiyar da manhaja ke yi da kanta, ka sa ta kowane minti biyar. Wajen ɗauka ma haka: fayil ɗin MP4 yakan rubuta taswirarsa ne a ƙarshe, don haka idan batir ya mutu ana cikin ɗauka, duk tsawonsa yana iya ƙin buɗewa. Tsayar ka sake dannawa kowane minti goma.

Hotunan da ƴan biki ke turo maka ta WhatsApp kuwa an riga an matse su, babu manhajar da za ta dawo da abin da ya zube. Ka ce su turo a matsayin takarda, wadda tun 2022 take ɗaukar har giga 2, ko su zo da wayar a kwashe ta Xender.