Yadda Tsohon Faifai Ke Sake Fitowa Kasuwa

Duk wanda ya taɓa sa a zuba masa waƙoƙin Shata a waya, a Ajekoriya ko a kasuwar Dakoro, ya san wata waƙar fes take fita, wata kuma shuu ya rufe ta. Bambancin daga tushen da aka kwafo yake. Haka abin yake a kiɗan taron makaɗa na Turai.

A ƙarni na 19 wasu masu tsara kiɗa sun kamu da son salon Sifaniya alhali ba ’yan ƙasar ba ne. Chabrier, Bafaranshe, ya tsara España a 1883, Rimsky-Korsakov na Rasha ya fito da Capriccio espagnol a 1887. A 1957 kamfanin Decca ya haɗa kaɗe-kaɗen nan biyu a faifai guda. Makaɗan London Symphony ne suka kaɗa, Ataúlfo Argenta ɗan Sifaniya ya jagorance su. Ya rasu a 1958, amma har yau ana sake buga faifan.

Ranar naɗi, sautin yana hawa wani zare mai maganaɗisu, wanda za mu kira uwar zare, domin daga gare ta ake haifar kowane kwafi. Mai sake bugawa yakan ɗauko ta daga ma’ajiya, ya ɗora ta a inji mai daidaitaccen gudu, don gudun in ya kauce kaɗan muryar kayan kiɗa ta sauya. Sannan ya juye sautin cikin kwamfuta ya rage shuu ɗin. Nan gwaninta take. Shuu da ƙarar castanet, ’yan katakan da masu rawar Sifaniya ke kaɗawa a tafin hannu, duk a siririn sauti suke zaune. In aka matsa wa ɗaya, ɗayan ya dushe.

Wasu kamfanonin ba su da uwar zaren. A Tarayyar Turai haƙƙin mallaka kan naɗin da ya fito kafin 1963 ya ƙare, sai su kwafa daga tsohon faifai su sayar da araha.

Nijar ma tana da nata misalin. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, kaset kaɗan aka buga, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi. A ganina, ɗan shuu da aka bari ya fi sautin da aka kankare har ya rame.