Haɗewar Kamfanonin Jiragen Sama: Ina Makomar Matuƙa?

A watan Afrilu na shekarar 2001 kamfanin jiragen sama na American Airlines ya sayi kamfanin TWA, wanda bashi ya durƙusar. Jirage da hanyoyin zirga-zirga sun koma hannun sabon mai gida ba tare da wata gardama ba, amma da aka zo kan matuƙan TWA, su kimanin 2,300, sai magana ta canza. Fiye da rabinsu aka jera a can ƙarshen jerin sunayen matuƙan American, ƙasa da waɗanda ba su daɗe da kama aiki ba. Bayan 'yan watanni aka kai harin 11 ga Satumba, fasinja ya yi ƙaranci, aka shiga rage ma'aikata daga ƙasan jerin. Ta haka mutanen da suka shafe shekaru suna tuƙi suka wayi gari a gida.

Domin a fahimci yadda hakan ta faru, wajibi ne a san matsayin wannan jeri a rayuwar matuƙi. A manyan kamfanonin Amurka, ranar da aka ɗauki mutum aiki ita ce ke ba shi lamba, lambar kuwa ita ce ke yanke kusan kome: irin jirgin da zai tuƙa, ko zai zauna a kujerar kyaftin ko ta mataimaki, garin da zai zama mazauninsa, ranakun hutunsa, da yawan albashinsa. Idan kasuwa ta faɗi, na ƙarshe a jeri shi ake fara sallama. Bugu da ƙari, lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kyaftin mai shekara ashirin a aiki, in ya sauya wuri, daga ƙasa zai sake farawa. Saboda haka ne lokacin da Eastern da Pan Am suka rushe a 1991, matuƙansu da yawa suka yi hasarar matsayin da suka tara tsawon rayuwarsu.

Tushen wannan yanayi shi ne dokar 1978 wadda Shugaba Jimmy Carter ya sanya wa hannu, inda gwamnati ta janye daga tsara kuɗin tikiti da raba hanyoyi. Gasa ta yi tsanani, masu ƙarfi suka riƙa haɗiye raunana. Northwest ya haɗe da Republic a 1986, Delta ya haɗe da Western a 1987. Daga baya aka sami America West da US Airways a 2005, Delta da Northwest a 2008, United da Continental a 2010, Southwest da AirTran a 2011, sa'an nan American da US Airways a 2013. A Turai ma Air France da KLM sun shiga inuwa ɗaya a 2004, British Airways da Iberia a 2011, sai dai su kowane kamfani ya ci gaba da riƙe sunansa da matuƙansa, abin da ya rage kaifin rikicin.

Masu hannun jari kan ƙirga ribar haɗewa ta fuskar rage ofisoshi, soke hanyoyin da suka yi karo da juna, da sayen mai da kayan gyara a dunƙule. Amma ribar ba ta cika sai matuƙan ɓangarorin biyu sun koma ƙarƙashin jeri ɗaya da yarjejeniyar aiki ɗaya. A nan ne gizo ke saƙa. Matuƙan tsohon kamfani kan ce a bi ranar kama aiki, domin ita ce adalci. Na kamfanin da ya fi lafiyar aljihu kuwa kan ce su ne suka ceto 'yan'uwan nasu daga rushewa, don haka bai kamata ƙarin girman da suke jira ya koma hannun baƙi ba.

Babu inda wannan saɓani ya fito fili kamar a haɗewar America West da US Airways. A 2007 mai sasanci George Nicolau ya fitar da haɗaɗɗen jeri, wanda matuƙan tsohon US Airways suka ƙi amincewa da shi, suna cewa ya yi watsi da shekarun aikinsu. Da yake sun fi yawa, sai suka jagoranci ficewa daga ƙungiyar ƙwadago ta ALPA, suka kafa tasu mai suna USAPA a 2008. Shari'a ta yi ta jan ƙafa, kamfanin kuma ya ci gaba da tafiyar da rukunin matuƙa biyu dabam-dabam na tsawon shekaru, har ya zo ya haɗe da American ba a warware ba. Matuƙan kansu sun yi hasara, domin rashin yarjejeniya ɗaya ya hana su ƙarin albashi a duk tsawon lokacin.

Abin da ya sami matuƙan TWA ne ya sa majalisar dokokin Amurka ta yi doka a ƙarshen 2007, wadda ke ɗauke da sunayen sanatocin jihar Missouri biyu, Claire McCaskill da Kit Bond. Dokar ta wajabta haɗa jerin sunaye bisa adalci, in kuma an kasa daidaitawa a tafi gaban mai sasanci.

Ritaya kafin lokaci ita ce hanya ta biyu da kamfanoni ke bi idan ma'aikata suka yi musu yawa. Lissafin a bayyane yake. Sallamar na ƙasa ba ta rage kashe kuɗi sosai, tun da albashinsu ne mafi ƙanƙanta, kuma tana tilasta a sauko da wasu daga manyan jirage zuwa ƙanana, kowannensu sai an sake horar da shi. Amma idan babban kyaftin ya tafi don kansa, albashi mai tsoka ya fita daga littafi, na bayansa sun matsa gaba, na ƙarshe kuma ya tsira da aikinsa.

Ga shi kyaftin ɗin kuwa, shawara ce mai nauyi, domin shekarunsa na ƙarshe su ne na albashi mafi girma, kuma doka ta ƙayyade masa ranar sauka. Shekara 60 ce iyaka a Amurka har zuwa Disamba 2007, lokacin da aka ɗaga ta zuwa 65. Sa'an nan ga batun fansho. US Airways ya soke shirin fanshon matuƙansa a 2003, United ya bi sahu a 2005, inda nauyin ya koma kan hukumar gwamnati mai inshorar fansho, wadda ke da iyakar abin da take biya. Ganin haka ne ya sa ɗaruruwan matuƙan Delta suka yi gaggawar yin ritaya domin su karɓi rabin fanshonsu a dunƙule kafin kamfanin ya nemi kariyar kotu a Satumba 2005. Hasashensu ya tabbata, domin an soke shirin a shekarar da ta biyo.

Annobar korona ta 2020 ta nuna ɗaya gefen al'amarin. Da jirage suka tsaya cik, kamfanoni suka yi tayin ritaya mai gwaɓi, inda a Delta kaɗai matuƙa kimanin 1,800 suka karɓa. Fasinja ya dawo da sauri fiye da yadda aka zata, sai ga ƙarancin ƙwararru. Cike gurbi ba abu ne na dare ɗaya ba, tun da daga 2013 ƙa'ida ta tanadi awa 1,500 na tuƙi ga yawancin masu neman kujerar mataimaki. Manyan kamfanoni suka kwashe matuƙan ƙananan, wasu garuruwa suka rasa jirgi. A 2023 Delta ya amince da ƙarin albashi na kashi 34 cikin ɗari a shekaru huɗu, sauran manyan suka biyo baya. Kuɗin da aka yi tattali jiya aka biya da riɓi.

A gida Nijeriya an ɗanɗana irin wannan ɗaci ta wata fuska. Kamfanin Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, matuƙa da sauran ma'aikatansa kuma suka yi ta jiran haƙƙoƙinsu, har sai a 2018 gwamnatin tarayya ta saki kimanin naira biliyan 22 domin biyan wani kaso. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya kafin kuɗin ya iso.

Darasin ya shafi duk ɗan kasuwar da ke shirin haɗa jari da wani ko sayen kamfani. A tantance matsayin ma'aikatan ɓangarorin biyu a rubuce tun kafin sa hannu, a ware kuɗin fansho da garatuti inda bashi ba zai taɓa su ba, kuma kafin a buɗe wa ƙwararru ƙofar fita a lissafa shekaru da kuɗin da za a kashe wajen samar da madadinsu. Ma'aikacin da aka yi wa tayi shi ma ya tambayi wanda ya tsaya wa alkawarin, da abin da zai rage masa idan kamfanin ya faɗi gobe.