Mazauna Tsibiran Tafkin Titikaka

Tafkin Titikaka yana can ƙololuwar tsaunukan Andes, tsakanin Peru da Bolibiya, a tsayin mita 3,812 daga doron teku. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhun baƙo, shi ya sa akan kwana ɗaya ko biyu a birnin Puno, haki da ciwon kai su lafa, kafin a shiga jirgin ruwa.

Zangon farko tsibiran Uros ne, waɗanda hannu ya gina su. Akwai wata ciyawar ruwa mai suna totora, 'yar uwar kacalla. Mutanen Uros sukan yanko dunƙulen saiwarta, su ɗaure da igiya, su shimfiɗa ciyawa a kai, sannan su kafe tsibirin da turaku kada iska ta yi gaba da shi. Ƙasan yana ruɓewa a hankali, don haka bayan 'yan makonni sai a ƙara sabuwar shimfiɗa. Da totora ake yin ɗaki da kwalekwale, kamar yadda Buduma suka saba ɗaure kwalekwalen ciyawa a Tafkin Chadi. Bayan wata guguwa da aka yi a 1986, iyalai da yawa suka matso kusa da Puno, kuma yau yawon buɗe ido ne babban abincinsu. Gaskiya, abin da baƙo ke gani a nan shiryayye ne: bayani, waƙa, sai tallan kayan saƙa.

Takile, tafiyar kimanin awa uku daga Puno, tsibirin dutse ne babu mota, mutanensa suna jin harshen Kecuwa. Maza ke saƙa hula da allura, mata na saƙar masaƙa. Jar hula ta mai aure ce, mai ja da fari ta marar aure. A 2005 UNESCO ta sanya wannan saƙa cikin fitattun al'adun duniya.

Wanda ke son ganin zaman yau da kullum, a tsibirin Amantani ya dace ya kwana. A can gidaje ne ke karɓar baƙi bi da bi. Abinci miyar wani hatsi mai suna kinwa ne da dankali, dare kuwa sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Da yamma akan hau tudun Pachatata ko Pachamama, inda tsoffin wuraren bauta suke. Ladabi shi ne a nemi izini kafin ɗaukar hoto, a kuma sayi kaya kai tsaye daga hannun masaƙa.