BAYOTAYIT: BAƘAR MAIKA MAI ADANA SHEKARUN DUWATSU

Duk wanda ya dubi ɓallin dutsen giranayit da kyau zai ga abubuwa uku a cakuɗe: ƙwayoyi masu kama da gilashi, da wasu farare ko jaja-jaja, da kuma 'yan baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Yawancin waɗannan baƙaƙen su ne ma'adinin da ake kira bayotayit, ɗaya daga cikin dangin maika. An raɗa masa wannan suna a shekarar 1847 don girmama Jean-Baptiste Biot, masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa wanda ya nazarci yadda haske ke ratsa maika.

Abin da ya bambanta maika da sauran ma'adinai shi ne yadda take ɓantarewa falle-falle. Asirin wannan yana cikin tsarin atam ɗinta. Kowane falle hawa uku ne. Hawan sama da na ƙasa an gina su ne da silikon da oksijin, na tsakiya kuwa magniziyam ne da ƙarfe. To, amma a hawan sama da na ƙasa, cikin kowane gurbi huɗu na silikon, alminiyam ya maye ɗaya. Da yake cajin silikon huɗu ne, na alminiyam kuwa uku, sai fallen ya kasance da giɓin caji. Fotasiyam ne ke shiga tsakanin falle da falle ya cike wannan giɓi, ya kuma riƙe su tare. Riƙon da fotasiyam ke yi ba shi da ƙarfi kamar haɗin da ke cikin fallen kansa, shi ya sa tsinin allura ma yake iya ɗaye maika. Kaurin falle ɗaya bai wuce nanomita ɗaya ba, wato sai an jera kimanin miliyan ɗaya kafin a sami milimita guda. Ƙarfen da ke hawan tsakiya shi ke ba bayotayit baƙin launinsa. 'Yar'uwarsa maskobayit, wadda alminiyam ya cika mata wannan hawa, fara ce garau, har mutanen Rasha na dā suka riƙa sa ta a tagogi maimakon gilashi.

Wannan fotasiyam ɗin shi ne ya mai da bayotayit agogo. Cikin kowane atam 8,500 na fotasiyam, kimanin ɗaya nau'in da ake kira fotasiyam-40 ne, wanda yake rikiɗewa a hankali. Cikin shekara miliyan 1,250 rabinsa ke rikiɗewa, kuma zafi ko sanyi ba su sauya wannan lissafi. Daga cikin kowane atam 100 da suka rikiɗe, wajen 89 sukan zama kalsiyam, 11 kuwa su zama iskar agon. Muddin dutse yana da zafi ƙwarai, agon ɗin tserewa yake yi. Amma da zarar zafin ya sauka ƙasa da digiri 300 ko kusa da haka a ma'aunin Salshiyas, sai iskar ta maƙale tsakanin fallayen, ta yi ta taruwa. Saboda haka idan aka auna yawan agon da yawan fotasiyam-40 da ya rage, za a san tsawon lokacin da ya wuce. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa lokacin hucewar dutse ake samu ta wannan hanya. Idan dutsen ya sake yin zafi daga baya, agon ya fice, agogon ya koma farko.

Irin wannan awo ya warware tarihin duwatsun Afirka. A shekarar 1964 masanin duwatsu W. Q. Kennedy ya lura cewa duwatsu daga sassa masu nisa da juna na nahiyar suna nuna shekaru wajen miliyan 500, ya gane cewa wani gagarumin zafi da motsin ƙasa ya game su a wannan zamani. Tun a 1911 J. D. Falconer ya riga ya kasa giranayit ɗin Arewacin Nijeriya gida biyu, tsofaffi da sababbi, ta duban yadda suke a fili. Awon zamani, ta hanyar fotasiyam da makamantanta, ya tabbatar da rabon nasa. Tsofaffin sun kai shekara miliyan 600, sababbin na tudun Jos kuwa wajen miliyan 160 zuwa 170. An kuma gano cewa dangin sababbin sun jeru daga arewa zuwa kudu: na duwatsun Azbin a Nijar sun haura miliyan 400, na yankin Damagaram wajen miliyan 300, na Afu a Jihar Nasarawa kuwa wajen miliyan 140.

Sanin wannan yana da amfani ga mai neman ma'adinai. Kuza da kolombayit na Jos suna tare da sababbin giranayit, musamman masu ɗauke da bayotayit. Wanda ya iya bambanta dutse da dutse ya rage wa kansa haƙa a banza.

Manomi ma yana da rabo. Bayotayit ba ya jure ruwan sama da iska. Ƙarfen cikinsa yakan yi tsatsa, fotasiyam ya zare jiki ya shiga ƙasa inda saiwar shuka za ta same shi, sauran kuma ya rikiɗe ya zama yumɓu. A tsakiyar wannan sauyi fallayen sukan koma ruwan zinariya, suna walƙiya cikin yashin rafi, har sukan ruɗi masu neman arziki. Rarrabewa ba ta da wuya. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, bayotayit kuwa sau uku kawai, don haka idan aka karkaɗa yashin cikin kwano da ruwa, zinariya takan zauna a ƙasa, maika ta bi ruwa. Haka kuma idan aka danna ƙwayar da allura, zinariya lotsawa take yi, maika kuwa sai ta ɓantare. Malami yana iya nuna wa ɗalibansa wannan gwaji a aji, da kwano ɗaya da allura da tafin yashi.