Tsohon Injin Niƙa Da Kayansa Da Suka Ɓace

A garuruwa irin su Pauwa ta ƙasar Ƙanƙara akan jingine tsohon injin niƙa saboda noti ɗaya ya ɓace, mata su koma ga turmi. Abin da ke rikita masu gyara awo ne. Injunan Lister na da, ƙirar Ingila, da inci aka yanke haƙoran notinsu, bisa ƙa'idar da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, watau kusurwa mai digiri 55. Na milimita kuwa digiri 60 ne. In aka matsa wannan bisa wancan da ƙarfin sifana, haƙoran sun lalace ke nan.

Saboda haka muna roƙon malamai su faɗakar da masu injuna. A kwance ɗan'uwan abin da ya ɓace, a tafi da shi Funtuwa ko Panteka ta Kaduna a gwada. Kamfanin ya daina ƙera samfurin CS a 1987, amma na Rajkot ta Indiya kwaikwayonsa ne, kayansu da yawa suna shiga. Wanda ya gagara samuwa, a ba mai injin fere ƙarfe ya fere sabo. Da tsohuwar zuma ake magani.