Bidiyo A Matsayin Madubin Zuciya

Ba kasafai abin da mutum ya gaskata a zuci yake fitowa fili ba, sai an buɗe masa kafa. Irin wannan kafa ce Wendy Clarke ta buɗe a Amurka cikin 1977, da aikin bidiyonta mai suna Love Tapes. Mutum yakan fara kallon bayanan waɗanda suka gabace shi, sa'an nan ya zauna yana duban fuskarsa a akwatin talabijin, ya faɗi yadda ya ɗauki ƙauna cikin minti 3 kacal. Daga nan sai ya zaɓa, ko a adana, ko a goge. A ganina, wannan izinin gogewa shi ya sa har fursunoni suka saki jiki suka yi magana.