Saƙon da Ya Yi Sammako

Kafin wayarka ta aika kalmar sirri zuwa shafin banki, sai ta fara gaisawa da uwar garken shafin. Masana na kiran wannan gaisuwa musabaha, ƙa'idar da ke tafiyar da ita kuma sunanta TLS. A cikin musabahar ne ɓangarorin biyu ke daidaitawa kan makullin da za su kulle zancensu da shi, duk cikin ƙiftawar ido.

Kundin ƙa'idar, tun daga RFC 2246 na 1999 har zuwa RFC 5246 na 2008, ya jera saƙonnin musabaha bi da bi, ya kuma ce wanda ya zo ba a kan layi ba kuskure ne, a yanke hulɗa. To, amma akwai wani ɗan ƙaramin saƙo mai suna ChangeCipherSpec, abin da ke cikinsa bai wuce lamba 1 ba. Ma'anarsa ita ce daga yanzu a koma magana da sabon makulli. Marubuta kundin ba su sa shi cikin dangin saƙonnin musabaha ba. Lambar nau'insa 20, tasu 22. Sun faɗi lokacin da ya dace a aiko shi, sun ce mai karɓa ya sauya makulli nan take, amma ba su fayyace abin da zai yi ba idan saƙon ya riga lokacinsa isowa. Shin dokar bin layi ta hau kansa, tunda shi ba ɗan dangi ba ne? Kowane mai rubuta manhaja sai ya yi tasa fahimtar.

Manhajar OpenSSL, ɗaya daga cikin masu aiwatar da TLS, ta ɗauka duk lokacin da ya zo, maraba. Ta nan ɓaraka ta shigo. Mugun da ya tsaya tsakani, misali a Wi-Fi ɗin otal, sai ya cusa wa kowane ɓangare saƙon da wuri, tun ba a haɗa sirrin da ake ƙera makulli da shi ba. Manhajar sai ta ƙera makulli daga sirrin da babu komai cikinsa, wanda shi ma mugun zai iya lissafowa. Kowa na ganin an garƙame ƙofa, alhali ɓarawo na riƙe da safaya.

Masashi Kikuchi, wani ɗan Japan, shi ya gano matsalar, aka bayyana ta ranar 5 ga Yuni, 2014, wata biyu bayan tashin hankalin Heartbleed, wata ɓarakar ta daban a OpenSSL. Ta yi sama da shekara 15 kwance a cikin manhajar. An zargi masu OpenSSL, kuma da laifinsu, amma a ganina marubuta kundin ma suna da kaso, domin dubban mutane ke aiki da rubutunsu, kuma ba mai ikon tambayar takarda me take nufi.

TLS 1.3, wadda ta fito a 2018, ta raba ChangeCipherSpec da aikinsa. Har yau ana iya aiko shi don kada tsofaffin na'urorin hanya su rikice, sai dai mai karɓa watsar da shi kawai yake yi.